Bokitin da Na Kai Wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da washegarin waccan Sallar Layya ba, kuma ko na so in manta, dangin matata sun rantse ba za su bar ni ba. Ana ba da labarin nan a Harobanda, unguwar surukaina da ke ƙetaren gada, ana dariya har da hawaye, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa, shi ya sa na ce gara in faɗe shi da bakina yadda ya faru, tun kafin Ide, ɗan'uwana a surukuta, ya gama ɓata shi.

Ni tela ne. Daga Madawa na zo Yamai, shagona yana kusa da kasuwar Lazare, gidan da nake haya ma a cikin unguwar yake. Ɗinki ne abincina, amma abin da ya ci raina shuka ce. A tsakar gidanmu akwai wani ɗan fili a jikin katanga, da ƙyar zai ɗauki tabarma biyu. A nan nake da salati da tumatir da yakuwa da kuɓewa da ɗan zogale, wasu a ƙasa, wasu a cikin tsofaffin tayoyi, wasu a cikin bidon, wato jarka, da na yanke biyu.

Duk wanda ya san ƙasar Lazare ya san sunan ƙasa kawai take amsawa, yashi ne da tsakuwa da ledoji. Shekarar farko na sayo angire, takin zamani ke nan, na barbaɗa shi da hannu sake don in ga abin mamaki. Na kuwa gani. Kafin mako ya zagayo komai ya ƙone ƙurmus. Matata Hamsatu ta tsaya a kai ta riƙe ƙugu ta ce, "Baban Nafisa, soya salatin ka yi?"

Daga ranar na yi fushi da angire, na koma takin gargajiya. Na haƙa rami a kusurwar gida. Kashin awaki, busasshen ganye, ɓawon ƙwai daga wurin mai shayi, ɓawon ayaba, ganyen shayin da ƴan fadarmu, wato majalisarmu ta hira, suka gama tatsa, ɗan toka, ganyen bedi, wato dogon yaro, saboda ƙwari, duk ciki. A shimfiɗa ɗanye, a rufe shi da busasshe, a yayyafa ruwa, a lulluɓe da buhu, lokaci-lokaci a juya. In ya nuna sai ka gan shi baƙi ƙirin, da sanyi a hannu, yana ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. (Kashin kaji kuwa kada wanda ya ruɗe ka ka zuba shi ɗanye a gindin shuka. Na gwada, tumatir ɗina ne suka biya.) Da takin nan na mai da yashin Lazare abin da maƙwabta ke leƙowa ta katanga su kalla.

Su kalla, su kuma roƙa. Mutanen da ke toshe hanci in na wuce da buhun kashin awaki a bayan moto, wato babur ɗina, su ne dai ke aiko a ba su ganyen salati in sun yi baƙi. A fada har suna suka sa mini, wai Ministan Taki. Su ci, su ƙoshi, su yi mini dariya. Wannan abu yana ƙona mini rai, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

To ga abin da ya kai ni ga hallaka. Surukina, mahaifin Hamsatu, wanda duk muke kira Baba, yana da garka a Harobanda, tsakanin hanya da bakin kogi. Ƙasa ce baƙa mai laushi, ga ruwa a kusa, ga mangwaro a gefe. Tun yana saurayi yake noma ta. Yanzu gwiwa ta ƙi, ƴaƴansa maza kuma duk suna buro, aikin ofis, ba mai son laka ta taɓa masa takalmi. Sai ya ce zai ba ɗaya daga cikin surukansa ya riƙe. Mu biyu ne muka nuna muna so, ni da Ide.

Ide mijin yayar matata ne. Kayan mota yake sayarwa, yana da tumbi, yana da makullin mota wanda ba ya taɓa sawa a aljihu, kullum a yatsa yana juya shi. Metir yake ce mini, kamar yadda kowa ke ce wa tela, amma shi in ya faɗa sai ya ja kalmar har ka ji kamar zagi. Kun san abin da yake so ya yi da garkar? Labaj! Wurin wankin mota! Ya cike wannan baƙar ƙasa da jan burji, ya malala siminti, a dinga kwarara ruwan sabulu a inda albasa ke fitowa. Duk lokacin da na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Ni kuwa na riga na gama shuka garkar nan a cikin kaina, na san inda ramin taki zai zauna, na san inda zan sa shu, wato kabeji, da karoti.

Baba ya ce mana, "Ku bari sai bayan Layya, zan faɗi wanda na ba."

Na ɗaura ɗamara. Na sayi rago tun da wuri, na yi ta ɗura masa dusa da harawa da ganyen garkata har ya zama abin kallo. Na ɗinka wa kaina farar shadda, na zauna na yi mata aikin da ban taɓa yi wa wani mai kuɗi ba. Niyyata in shiga gidan Baba da naman da zai rufe wa Ide baki, don bara a gaban mutane ya tambaye ni ko kyanwa na yanka.

Wanda bai taɓa yin Layya a Yamai ba, bari in gaya masa yadda muke yi. In an yanka an feɗe, sai a baje ragon a kan sanduna biyu da aka gicciye, a jera na maƙwabta duka a ƙofar gida, a hura babbar wuta a tsakiya, su wuni suna gasuwa. Ranar kayan ciki kawai ake ci. Sai washegari a sauke, a yayyanka, a shiga rabo, na surukai kuma shi ne na farko. Amma kafin duk wannan, da hantsi, akwai wankin tumbi. Kowane gida sai a fito da tumbin rago a farke shi, a juye abin da ke ciki a kwata ko a gindin katanga.

Abin da ke cikin tumbi fa ciyawa ce. Ciyawa ce da rago ya tauna, ya jiƙa, ya yi maka rabin aiki. In ka sa ta a rami ka haɗa da busasshen ganye da tokar wutar gashin nan, wallahi babu takin da ya kama ƙafarta. Kuma ga unguwa guda tana zubar da ita a kwata, ƙudaje na biki, gobe a ce gari yana wari. Ina tsaye ina kallo zuciyata tana tafasa.

Hamsatu ta san ni. Tun da safe ta tare ni ta ce, "Baban Nafisa, na roƙe ka don Allah, yau Sallah ce. Kada in ga ka shigo mini da ƙazantar nan gida."

Na ce, "Haba, Hamsa, sai ka ce wani mahaukaci?"

Tana shiga madafa na tuɓe rigar idi, na ɗauki bokiti na fice.

Bokitin nan sai na yi bayaninsa, don shi ne mugun. Fararen bokitan mayonez ne guda biyu masu murfi mai kamawa gam, mai shayin bakin shagona ya ba ni. Ɗaya Hamsatu ta ƙwace ta ce nata ne, ɗaya ya rage mini. Ba su da wani bambanci ko na ƙwayar zarra. Da nawa na bi gida-gida ina cewa, "Barka da Sallah, don Allah kada ku zubar, ku juye mini nan." Wani ya juye yana dariya, wani ya kira matarsa ta zo ta gani, wani dattijo ya tambaye ni a hankali ko wani malami ne ya ce in haɗa. Ban kula kowa ba. Na cika shi taf, na danna murfi da gwiwa, na wanke bayansa da sabulu har yana ƙyalli, na lallaɓa na ɓoye shi a madafa bayan buhun gawayi. Na ce in hayaniyar Sallah ta lafa sai in juye a rami ba wanda ya sani.

Washegari muka sauke rago muka yayyanka. Hamsatu ta zaɓi cinya da haƙarƙari mai kitse ta ce na Baba ne. Ta shirya da yara za su riga ni tafiya a taksi, don ta taya mahaifiyarta suya. Tana fita ta ɗaga murya ta ce, "Na Baba yana madafa a bakin ƙofa, cikin bokitina. Ga sabon ƙyalle nan ka ɗaure shi."

Na yi wanka, na sa farar shaddata tana ƙara saboda sitati, na kafa hula, na fesa turare. Na shiga madafa, sai ga bokiti biyu a jere a bakin ƙofa.

(Daga baya ta ce wai shara ta yi, ta ga bokiti a bayan gawayi, ta ɗauka sauran dusar rago ce, ta jawo shi fili. Ka ji fa! Shekara nawa buhun gawayin nan yana wurin ba a taɓa share bayansa ba, sai ranar.)

Yanzu kowa zai ce, me ya sa ba ka buɗe ba? Kowa malami ne bayan abu ya faru. Murfin nan ba ya buɗuwa sai ka durƙusa ka sa gwiwa da farce, ni kuwa ina cikin farar shadda. Sai na yi abin da na ɗauka hankali ne, na ɗaga wannan, na ɗaga wancan. Ɗaya ya fi nauyi nesa ba kusa ba, murfinsa har ya yi tozo ya kumbura. Na ce to, wannan ai ragona ne, nama ya yi yawa har murfi ya kasa kwanciya. Har wani daɗi na ji. Mara nauyin na ɗauke shi da yatsa biyu na kai bakin ramin taki, cikin rana, na jefa masa buhu. Mai nauyin na ɗaure shi da sabon ƙyalle, na yi masa ƙulli mai kyau irin na tela, na ɗaure a bayan moto.

Wari kuma? Washegarin Layya duk Yamai warin tumbi da hayaƙi take yi, hancina kuwa tun jiya ya mutu.

A kan gada aka yi cunkoso, rana tana dukan bokiti. Wani mai moto a gefena ya shaƙi iska, ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya? Kamar wani abu ya mutu a bayanka."

Na ce, "Hancinka ne ya mutu. Naman surukai ne, in ba ka da su ka yi shiru."

Allah ya aiko mini da mai ceto har kan gada, na zage shi na wuce.

Na tarar da Baba a gindin mangwaron ƙofar gida a kan tabarma, da carbi a hannu, tare da limamin unguwa da wasu dattawa abokansa. Ide yana gefe a kan kujera yana juya makulli, ga wani ƙaton faranti a gabansa an ɗora cinya kamar ta maraƙi, ya bar shi a buɗe don kowa ya gani. Na cire takalmi, na durƙusa na ce, "Kay yesi, Baba," yadda suke barka da Sallah da Zabarmanci. Ya amsa da fara'a, ya sa mini albarka, ya tambayi aiki.

Abin da aka saba, kuma na san shi sarai, shi ne ka miƙa kayanka cikin gida wurin mata a rufe, ka dawo ka zauna ka sunkuyar da kai. Ba a buɗe kyauta a gaban suruki. Na ma ɗauki bokitin zan shiga, sai Ide ya ce, "Meeetir! Bana kuma me aka samu? Har da ƙyalle? Buɗe mu gani mana, ko zomo ne?"

Dattawa suka yi ƴar dariya. Baba ya ce, "Kai shi ciki, ɗana."

Da na bi maganar nan, da mata ne kawai za su gani, Hamsatu ta rufa mini asiri, a yi dariya a madafa a gama. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na dawo na dire bokitin a bakin tabarma, daidai ƙafafun Baba. Na kwance ƙyallen a hankali don kowa ya ga ƙullin. Har jawabi na yi. Na ce, "Baba, wannan abin da hannuna ya tara ne. Ba saye na yi jiya a kasuwa ba kamar wasu. Ina so ka gani da idonka irin abin da zan iya."

Na sa farce, murfi ya ƙi. Na sa gwiwa, na manta da shadda, na ja da ƙarfi.

Fuf!

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Abin nan ya kwana a rufe, ya sha ranar gada, ya kumbura da iska, yana jiran wanda zai sake shi. Murfi ya tashi sama. Wani kore-koren ruwa mai kauri ya yi tsalle ya wanke mini fuska da hula da gaban riga, ya sauka a ƙafafun Baba da carbinsa, ya fantsama a babbar rigar liman, sauran ya sami farantin Ide. Sannan warin ya iso. Ni da nake cewa hancina ya mutu, a ranar ya tashi.

Wani dattijo ya ce, "Inna lillahi," ya ja da baya da mazaunansa. Ƙudajen Harobanda kaf suka taho gaisuwa. Sai Ide ya fashe. Ya yi dariya har makulli ya faɗi, ya zamo daga kujera, yana nuna ni yana buga ƙasa, ya kasa magana. Mata suka fito da gudu da ludayi a hannu. Surukata ta dafe ƙirji ta kira sunan Allah da Zabarmanci, "Irkoy!" Na hango Hamsatu a bayanta, ta dubi bokitin, ta dube ni, ta sa gyale ta rufe fuska.

A nan ne fa mai hankali zai faɗi ƙasa ya ce, Baba ka yafe ni, kuskure ne, bokiti biyu ne iri ɗaya. Magana ɗaya tak. Ni kuwa dariyar Ide ce kawai ke shiga kunnena. Na miƙe tsaye, abu yana ɗiga daga gemuna, na ce, "Me kake wa dariya? Kai me ka sani? Wannan da kake gani ya fi naman naka amfani! Namanka gobe war haka ya zama kashi, wannan kuwa gobe abinci zai zama!"

Baba ya ce, "Ya isa, ɗana."

Ina! Ai na hau. Na dumbuza hannu cikin bokitin na ɗebo, na nufi liman da shi ina cewa, "Malam, dubi nan don Allah, ciyawa ce ko ba ciyawa ba? Wannan najasa ce?" Bawan Allah yana ja da baya yana kare fuska da hannun riga, ni ina bin sa da hujja. Na juyo kan Ide na ce mutumin da zai binne ƙasar noma da siminti don ya wanke motocin ɓarayi ba shi da bakin yi wa kowa dariya. Sannan na faɗi wadda ta fi duka muni. Na ce garkar ma ai ta gaji, an bar ta shekaru ba taki, ƙasarta ta koma fara, irin wannan abin take nema ba surutu ba.

Garkar Baba. A gaban abokansa. Mutumin da gwiwa ta hana shi aiki.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na ce ya isa."

Sai a lokacin na ji kaina. Na dubi hannuna, na dubi ƙafafunsa. Hamsatu ta zo da buta ta durƙusa tana wanke wa mahaifinta ƙafa, hawaye na zuba, ba ta ko kalli inda nake ba. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja murfi.

Aka kai ni bayan gida na yi wanka. Shaddata ba ta sake sawuwa ba har yau. Kuma don a cika mini wulaƙanci, ba a sami rigar da za a ba ni ba sai wata tsohuwar riga mai hoton man inji da Ide ke ajiyewa a bayan motarsa. Da kansa ya miƙo mini, yana share hawaye, ya ce, "Riƙe ta, Metir, kyauta ce." A cikinta na hau moto na ƙetare gada, tana kaɗawa a jikina kamar tuta.

Da na isa gida na ɗaga buhu a bakin rami, ga cinyar Baba da haƙarƙarinsa sun wuni a rufe cikin rana, sun yi gumi, sun juya. Ko a ramin ba zan iya sa su ba, don nama ba ya shiga taki, ɓeraye yake jawowa. Ragon da na yi wata da watanni ina yi wa hidima, mafi kyawun namansa a juji ya ƙare.

Hamsatu ta dawo da yamma. Na tare ta da faɗa tun daga ƙofa, don in riga ta. Na ce wa ya ce ki taɓa mini bokiti? Ta ajiye jakarta ta ce, "Wane bokiti? Wanda ka ce kai ba mahaukaci ba ne?" Ta shige ɗaki. Kwanaki tana ajiye mini abinci kamar ana ajiye wa baƙon da ba a so.

Bayan an kwana biyu Baba ya aiko in same shi a garka. Na tafi da sauran cinyar, na buɗe ta a gida, na sake buɗewa a kan gada. Na same shi zaune a kan kututture yana kallon kogi. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Bokiti kuskure ne, kowa yana yi. Bayan kun tafi ni ma na yi dariya har cikina ya yi ciwo. Maganarka a kan ƙasar nan kuma gaskiya ce, ta gaji, na fi ka sani." Ya ɗebi ƙasar ya murza. "Kai na yi niyyar ba wa garkar, tun kafin Sallah. Na ga tumatir ɗin da kake fitarwa daga cikin taya."

Da na ji ya ce niyya, na san akwai amma a gaba.

Ya ce, "Amma garkar bakin kogi ba tsakar gidanka ba ce. Dubi can, dubi can. Duk maƙwabta ne, hanyar ruwa ɗaya muke sha, yau kai gobe wani. Akuyar wani za ta shigo, wani zai tare maka ruwa ranar da kake tsananin so. Tun ina saurayi nake tare da mutanen nan, ba a taɓa jin kanmu ba. Na ce maka ya isa a gaban baƙina, ba ka ji ba, sai da na sake. In ni ban tsayar da kai ba, wa zai tsayar da kai a nan?"

Na ce, "Baba, Ide fa siminti zai zuba!"

Ya ce, "Na sani. Zai kashe ƙasar. Amma ba zai haɗa ni faɗa da mutanena ba ina tsufa."

Kun san abin da na yi? Na miƙe na ce, "Ni? Ni ne mai zuciya? Baba, wallahi duk Lazare ba wanda ya kai ni haƙuri! A je a tambaya!" Da ƙarfi na faɗa, har wani mai ban-ruwa a garkar gaba ya ɗago kai ya ajiye bokitinsa yana kallo. Baba ya dube ni, ya dubi mutumin, ya sake dubana. Na koma na durƙusa.

Labaj ɗin Ide yana nan yanzu, in ka sauka daga gada ka bi hanyar bakin kogi za ka gan shi, da fenti shuɗi da kiɗa. In za mu gidan Baba nakan zaga ta wata hanya, don in na ga ruwan sabulu yana gangarawa a kan wurin nan sai in kasa cin abinci. Ni kuma ina nan da tayoyina da bidon ɗina a jikin katanga. Duk lokacin sanyi nakan kai wa Baba salati da tumatir, ya ci ya ce babu irinsu a kasuwa, ni kuma in haɗiye abin da ke bakina.

Abin da na koya bai da yawa. Murfi a gida ake buɗe shi, baki kuma a gidan surukai rufe shi ake yi. Na farkon na iya shi sosai. Na biyun Hamsatu ta ce da saura.

Amma ba a bar ni haka ba. Tun daga shekarar, duk ranar Layya da la'asar sai motar Ide ta tsaya a ƙofar gidana, ya yi ta danna oda har maƙwabta su fito. Ya buɗe baya, ga bokitai a jere, na gidansa, na gidan Baba, har da na gidan liman, kowanne an ɗaure shi da ƙyalle mai kyau. Ya ce, "Meeetir! Ga naka rabon, in ji dangi." Unguwa ta kwashe da dariya. Kowace shekara sai na rantse zan juye masa su a kan kujerun mota. Kowace shekara kuma sai in tuna da ramina, in haɗiye, in sauke su ɗaya bayan ɗaya, don taki ne mai kyau, ɗan banzan, ba zan yi ƙarya ba.

Sai dai ba na shiga da ko ɗaya sai na durƙusa a nan ƙofar gida na buɗe shi, fuskata a gefe. Ide yana tsammani tsoro ne. Ni kuwa dubawa nake, ko Allah zai sa wata shekara su ma su yi kuskure su aiko da nama. Har yau ba su taɓa yi ba.